Limanci da Turmi Biyu a Tumbi

Ba zan taɓa mantawa da wata sallar azahar da na ja a bakin iyakar Jibiya ba. Shekaru sun tura, furfura ta cika mini kai, amma in na tuna ranar sai in ji gumi ya karyo mini. Zamanin nan ne da man fetur ya buɗe wa ƙasa ƙofar arziki. Ina malamin firamare a cikin garin Jibiya, da matata Rakiya, da 'yarmu ta fari tana tatata.

Gwamnati ta ƙara mana albashi, ta haɗo mana da ariyas, wato cikon watannin baya, a dunƙule. Ni da ban taɓa riƙe kuɗin da suka cika aljihu ɗaya ba, sai ga ni da aljihu biyu suna rinjaya. Kai, na yi hauka! Na sayi babur. Na sayi rediyo mai kaset. Na ba da ɗinkin babbar riga ta shadda mai aska takwas. Har firij mai kananzir na sayo (abin da muke sa masa kuwa bai wuce ruwan randa ba, sai sauran miyar jiya). Shayi da madara safe da yamma, nama kullum, duk wanda ya yi sallama sai ya tafi da wani abu.

Ana cikin wannan shagali Rakiya ta tuna mini cewa aminiyarta Delu ta Bugaje tana da ciki, in ware kuɗin biki tun da sauran dama. Yaran yanzu ba lallai su san nauyin abin ba. Biki a tsakanin mata ramawa ake yi, kuma ninkawa ake yi. Ranar sunan 'yarmu Delu ta kawo turmin atamfa guda, aka ɗaga shi a tsakar gida kowa ya gani. To ranar nata sunan, turmi biyu ake jira daga hannun Rakiya, kuma a gaban matan nan dai za a ɗaga. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙasa ta yi arziki, man fetur ba ya ƙarewa.

Man fetur dai bai ƙare ba. Ariyas ne ya ƙare. Kayan kasuwa kuma suka yi tashin gwauron zabo, don 'yan kasuwa ma sun ji labarin ƙarin albashi.

Da na ga uwar bari, sai na tara iyalina (wato Rakiya, da yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba) na yi musu jawabi a kan tsimi da tanadi, irin wanda nake yi wa 'yan aji bakwai. Na soke madara. Na ce nama sai ranar kasuwa. Na ƙayyade kananzir ɗin fitila, na rage kuɗin cefane. Batirin rediyo da man babur kam ban taɓa su ba, na ce su kayan aiki ne. Rakiya ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya taimaka, ta koma kan tuyar ƙulinta.

Ba a jima ba aka aiko daga Bugaje Delu ta sauka, an sami namiji. Rakiya ta same ni ina goge babur, ta tsaya a kaina.

"Malam, Delu ta haihu. Ranar suna da mi zan shiga gidan?"

Na ji kunya, ba ƙarama ba. Mutuncinta ne a gaban ƙawayenta, kuma ni na cinye shi a shayi da firij. Amma maimakon in ce mata ba ni da shi, sai na bugi ƙirji na ce turmi biyu kamar ta gan su a ɗakinta. Na lalube abin da ya rage, na ga a kasuwar Jibiya ko turmi ɗaya na kirki ba zai saya ba. Sai Maraɗi ta faɗo mini a rai. Lokacin naira na da ƙarfi, in ka canza ta zuwa sefa sai ka ji kamar kai ne gwamna, atamfa kuma can ta fi araha.

Na ci ado da babbar rigata, na hau a-kori-kura, sai Maraɗi. Na zaga kasuwa har na dace da wani mai kanti da ya fito mini da atamfa mai zanen manyan kifaye, shuɗi da ja. Ya rantse 'yar Holan ce. Kuɗin da ya faɗa ya isa ya sa mai hankali ya yi shakka, amma ni murna na yi. Na sayi turmi biyu, ragowar 'yan canji suka saura. Da na yi maganar kuɗin fito da 'yan duwan, wato kwastan, za su karɓa a bakin iyaka, sai ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya.

"Malam, kana da riga irin wagga, mi za ka biya ma duwan?"

Ya ja ni bayan kanti. Na yi wata dabara da har na yaba wa kaina, na ce a ba ni buta in yi alwala tukuna, don na san in an naɗe ni ba zan kai hannu ƙafa ba. Na tuɓe riga, na ɗaga hannuwa sama, ina juyawa yana naɗawa, tun daga hammata har ƙugu. Da turmi na biyu ya ƙare ya cusa bakin a tazugen wandona, ya daddanna, ya ce ko dambe zan yi ba zai kwance ba. Na mai da riga. Ni da ɗalibai ke kira Malam Tsinke a bayan idona, sai ga ni da tumbi na gani na faɗa.

A tasha kuwa sai girma ya zo mini. Direba ya ce Alhaji ya shiga gaba. Fasinja suna ta barka da kasuwa, Alhaji. Ni kuma ina amsawa da ƙyar, da irin muryar masu kuɗi (gaskiyar magana numfashi ne ba ya fita). Bazara ce, rana kamar ta fasa kai, gumi yana bin bayana yana nutsewa cikin atamfar Delu.

Muka wuce 'yan duwan na Nijar lafiya. A ɓangarenmu aka sauke kowa, 'yan kwastan suka bincike buhuna da kwalaye. Babbansu, wani dogo mai gashin baki, ya dube ni ya ce Alhaji ba kaya? Na nuna masa hannuwana. Ya ce in wuce. A raina na ce shi ke nan, na ci riba, ashe dai ilimi ba ƙarya ba ne.

Sai direba ya ce a yi azahar kafin a ƙarasa gari.

Akwai wata rumfar zana a gefen hanya da tabarmi, nan matafiya da ma'aikata ke salla. Ina isa, wa zan gani zaune yana jan carbi? Surukina, Alhaji Mamman na Riko, mahaifin Rakiya, ya rako dabbobinsa da yake fatauci. Kun san tsakanin mutum da surukinsa. Na cire takalmi tun daga nesa, na zo durƙusawa, gwiwa ta ce ta yarda, ciki ya ce bai san zancen ba. Na tsaya a rabi kamar mai shirin kama kaza, na kwashi gaisuwa. Ya amsa yana kallon gefe, kamar yadda aka saba. Sannan ya saci kallon tumbina, ya ce wa na kusa da shi lallai gwamnati na kiwon malamanta.

Aka ta da iƙama, wanda ya saba jan salla bai zo ba. Jama'a suka ce Alhaji Mamman ya shiga, shi ne babba. Ya girgiza kai, ya nuna ni da carbi, ya ce ga mai karatu nan. Na ce a'a, na ce ina mura, na ce akwai manya. Ina! Hannuwa suka tura ni gaba. Wa zai musa wa surukinsa a bainar jama'a? Na waiga don daidaita sahu, na ga Alhaji Mamman a bayana ta dama, mai gashin baki na kwastan a bayana ta hagu. Ko kasaru ba ta kama mu ba balle in samu sauƙi, raka'a huɗu ce cur.

Na kabbarta. A ruku'un farko na ji wani abu ya zame daga tazuge, sululu. Na ɗago a hankali, na matse hammata. Da na tafi sujada sai na ji naɗin ya saki, numfashina ya dawo, na shaƙi iska mai daɗi irin wadda rabona da ita tun Maraɗi. Ban taɓa baƙin cikin samun numfashi ba sai ranar. A raka'a ta biyu abin ya sauko gwiwa. A ta uku na ji yana jan ƙasa, iska kuma ta samu abin wasa, ta kwashi bakin zanen ta shimfiɗa shi baya. Allah ya yafe mini, bakina yana karatu, zuciyata tana wajen kifaye. Daga baya aka ba ni labari, mai gashin baki a kan jan kifi ya yi sujadarsa ta ƙarshe.

Na zauna tahiya a tsakiyar tulin atamfa, Malam Tsinke ya dawo yadda Allah ya yi shi. Na yi sallama, na kasa juyowa. Sai na ɗaga hannu na shiga addu'a. Na roƙa wa iyaye, na roƙa wa malamai, na roƙa wa matafiya na tudu da na ruwa, na roƙi damina mai albarka a Nijeriya da Nijar. Jama'a suna amin, amma amin ɗin wasu rawa take yi, wani a sahun baya har ya sarƙe da tari. Da addu'a ta ƙare mini ƙaf, na shafa.

"Allah shi karɓa, liman," in ji mai gashin baki. "In ka kimtsa ka biyo ni ofis da kifayenka."

Rumfa ta ɗauka da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Alhaji Mamman bai yi dariyar ba. Ya miƙe, ya sa takalmansa, ya tsaya yana kallon wajen Nijar kamar an ce masa ga wata sabuwar ƙasa can. Sannan ya ce wa direbanmu, ba tare da ya dube ni ba, a gaya wa liman ya gaida mutanen gida.

A ofis ba su zalunce ni ba, abin da doka ta ce shi suka karɓa, har da tara. Sai dai ya cinye ragowar canjin da duk arahar da na je nema. Garin neman gira na rasa ido. Da na zo naɗe atamfar kuma sai na ga ta zuba. Gumi ya narkar da rinin, ja ya shiga shuɗi, singiletina ta koma bakan gizo. 'Yar Holan ɗin ko hanyar Holan ba ta sani ba.

Labari ya riga ni isa gida. Rakiya ba ta yi faɗa ba, ba ta yi dariya ba. Ta warware zanen, ta duba, ta sunsuna, ta ajiye, sai hawaye. Wallahi na fi son ta zage ni. Na ce zan sayar da babur, zan nemi rance, turmi biyu sai sun shiga gidan Delu ko ana ha maza ha mata. Ta share ido ta ce in bar mata abinta haka nan, gobe za ta je Bugaje da kanta, tun kafin suna, ta gaya wa Delu gaskiya. Na ce za ta tona mana asiri. Ta ce wane asiri kuma ya rage bayan na bakin iyaka?

Da safe ta ɗauki kwalbar man gyaɗa da ta matse da hannunta, da sandar sabulu, da 'yar rigar jariri da ta ɗinka, ta tafi. Na wuni a aji ban san abin da nake koyarwa ba. Ina ta ƙiyasta yadda za a yi da ita a bakin mata, a ce mijinta ma'aikaci amma ta kasa rama biki.

Da la'asar sai ga ta tana murmushi tun daga zaure. Ashe da ta gama bayani, Delu ta kama hannunta ta ce:

"Alhamdu lillahi! Ke Rakiya, tun da na lura kina da ƙaramin ciki ban yi barcin kirki ba. In kin kawo biyu, ni ina zan samo huɗu?"

Suka yi ta dariya har mai jego ta riƙe ciki. A nan suka yanke shawarar su mai da bikinsu ƙasa, su sake farawa daga abin da hannu zai iya, ba ninki. Ranar suna Delu da kanta ta ɗaga 'yar rigar nan a tsakar gida, ta faɗa wa mata yadda suka yi da aminiyarta. Rakiya ta ce wasu sun taɓe baki, amma kafin a watse mata biyu sun ja ta gefe suna tambaya ko su ma za a yi haka da su.

Ni kuwa na sayar da firij, na damƙa wa Rakiya kuɗin cefane gaba ɗaya, na daina jawabi. Cikin ikon Allah nama ya dawo miya ba sai ranar kasuwa ba, har ta fara ajiye wani abu a gefe saboda haihuwa. Surukina ma da ya zo suna bayan Rakiya ta sauka, ya aiko a ce mini ya ji an gyara, Allah ya ƙara rufa asiri.

Na ƙetare iyakar ƙasa, na naɗe kaina kamar gammo, duk don kada in furta "ba mu da shi". Ita kuwa kuɗin motar Bugaje kawai maganar ta ci mata. Saboda haka in tsimi ya kama ku, ku fara shawara da matar gida. In kuma kun ƙi ji, kun ce sai kun yi dabara irin tawa, to don Allah ku tsaya a sahun baya.