Labaran Ɗan Jamus da Fijon Alhaji Sallau

Wani mutum ne a Malumfashi ana ce masa Labaran Ɗan Jamus. Cajin waya yake yi a wata 'yar rumfa bakin tasha, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ƙera jirgin sama. Wai shekara da shekaru ya yi a Jamus yana haɗa injin mota, ranar da zai taho har Turawa na birgima a ƙasa suna kuka. Alhali duk garin an san iyakarsa Zariya, ita ma rakiyar mara lafiya ya yi. Mota ba ta wucewa sai ya karkata kunne ya ce, "Kun ji? Fulogi ne ya mutu." Ko jaki ya yi kuka sai ya faɗa maka abin da ya kwance a cikinsa.

To, Labaran na neman Lantana, 'yar Alhaji Sallau mai hatsi. Bazawara ce mai ɗinki, manema kamar su ba hammata iska a ƙofar gidan. Shi kuwa Alhaji yana da wata tsohuwar farar Fijo da ya gada wurin mahaifinsa, yana ji da ita kamar ƙwayar idonsa. Sai dai famfon feturinta, irin na da wanda inji ke bugawa, ya gaji. Kullum sai an tura, sai an tsotsi tiyo.

Rannan Labaran ya zo gaisuwa, ya tarar an ɗaga bonet, Alhaji ya zabga tagumi.

"Lafiya, Baba?"

"Famfo ne, yaro. Bakanike ya ce irinsa sai an bincika a Kano."

Labaran ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. "Haba Baba! Wa ke amfani da wannan yanzu? A Jamus gidan tarihi ake kai shi. Na lantarki zan sa maka. Kana murza makulli, fiu!"

"Ka iya kuwa?"

"Ni? Ido rufe!"

Lantana ta leƙo daga zaure ta ce, "Baba, cajin waya fa yake yi."

Labaran ya gyara hula. "Ranki ya daɗe, waya da mota ai duk wuta ce."

Washegari ya sayo famfo a wurin 'yan kayan mota, ya aro sifana. Ya cire tsohon da ƙyar, ya toshe gurbinsa, ya jona tiyo. Saura waya. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya. Wacce ce ta makulli? Oho! Da farko ya dangwala wayar famfon a kan batir, ya ji tik-tik-tik, mai ya cika kafireto. Sai ya runtse ido, ya cafko wata waya a cikin tarin, ya ƙulla, ya naɗe da salatif. Aka murza makulli, mota ta ce buuum, bugu ɗaya. Alhaji ya yi ta sa masa albarka. Kafin la'asar duk tasha ta ji cewa Labaran ya mai da Fijo jirgi.

Gari na wayewa sai ga labarin rasuwar Malam Barau, aminin Alhaji tun na ƙuruciya, can bayan kasuwa. Bayan jana'iza Alhaji ya shirya komawa zaman makoki. Labaran ya yi caraf ya karɓe makulli. "Baba, sabon aiki sai mai shi."

Ba su yi nisa ba mota ta fara: fut... fut... futut. Mai ya ƙare a kafireto. Daidai nan wata akuya ta gitta, ya danna hon, fiiiii! Sai ya ji tik-tik-tik, mota ta farfaɗo. Ya saki hon, aka ɗan jima, fut... fut. Ya sake dannawa, ta miƙe. Nan gumi ya karyo masa. Ashe wayar hon ya ƙulla! Famfo ba ya shan wuta sai ana hon.

Faɗa wa Alhaji? Ina! Ya kwantar da hannu kan hon.

"Kai, wa kake yi wa? Hanya fayau!"

"Kaza ce, Baba."

"Ina kazar?"

"Ta shige."

Fiiiii!

"Yanzu kuma fa?"

"Ƙa'idar Jamus ce, Baba. Sabon famfo sai an sanar da jama'a."

Suna shiga kasuwa 'yan acaɓa suka ga farar mota sai ihu take. Wani ya ce, "Ɗaukar amarya ce!" Ai kuwa suka rufa mata baya, kowa na danna nasa hon, wani na ɗaga tayar gaba. Masu tuyar ƙosai suka rangaɗa guɗa, ayyururui! Wani mai kalangu ya ɗare bayan babur ya hau kiɗa. Alhaji ya fito da kai ta taga yana ɗaga hannu su koma, su kuwa suka ɗauka gaisuwa ce, suka ƙara ƙaimi.

Haka suka kwararo cikin layin gidan makoki. Dattawa zaune kan tabarmi jugum, liman ya ɗaga hannu yana tsakiyar addu'a.

Alhaji ya damƙe hannun Labaran. "Cire hannunka, don ubanka!"

Fut... fut... ɗif. Mota ta mutu a bakin tabarma. Sai wani ɗan acaɓa ya leƙo taga ya ce, "Alhaji, ina amaryar?"

Babban ɗan mamacin ya miƙe, idanu jajir. "Baba Sallau, mahaifinmu ko kwana bai yi a ƙasa ba. Murna ka zo yi?"

Alhaji ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce da Labaran, "Tayar, ka matsar da ita." Labaran ya murza, ya murza, kyar-kyar-kyar, shiru. Ya fara satar kai hannu wajen hon. Alhaji ya buge hannun, ya danna da kansa. Fiii, tik-tik-tik. Ya saki, ɗif. Ya sake dannawa, tik-tik-tik. Ya saki, ɗif.

Ya juyo a hankali ya dubi Labaran, wanda ya jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi a rijiya.

"Baba, ai dama a Jamus..."

"Rufe mini baki." Alhaji ya buɗe ƙofa ya fito, ya ba jama'a haƙuri, sannan ya juyo ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Motar nan tun zamanin mahaifina ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Kwana ɗaya a hannunka ta ɗauki halinka: in ba ta cika gari da ihu ba, ko taku ɗaya ba ta iyawa. Ita ke nan ƙarfe. Ina ga Lantana in na ba ka ita? Sauka ka tura!"