Rasuwar Mai Doro, Talabijin Ɗin Falonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wasu tambayoyi da har yau ba a amsa mini ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar talabijin ɗinmu, wadda duk wanda ya taɓa zama a falonmu ya sani da suna Mai Doro.

Labarin ya same ni a gidan 'yata, inda na je taimaka mata bayan ta haihu. Ina wanke kayan jariri sai Maigida ya kira ni a waya, ya ce, "Sai haƙuri fa, abar nan ta cika." Na san mutumin nan. Ranar da babbar motar da yake tuƙawa ta mutu masa a hanya, ko ruwa bai iya sha ba. Amma ran nan yana yi mini ta'aziyya ina jin yana tauna wani abu. Da na ce zan dawo washegari, sai ya ce kada in gaggauta, ai jariri ya fi buƙatata. Tun da muka yi aure bai taɓa cewa in ƙara kwana a ko'ina ba.

Marigayiya ta shigo gidanmu tun 'yata tana rarrafe. Ƙarti biyu ne suka ɗauko ta suna nishi, suka ɗora ta a kan kabad, kuma daga ranar ba ta sake motsawa ba. Mai nauyi ce, mai kamun kai. Ba ta taɓa nuna mana abin kunya ba sai in wani ne ya murɗa ta. A kanta nake ajiye hoton mahaifiyata, da agogo, da gwangwanin allura da zare, ba ta taɓa cewa sun yi mata nauyi ba. Lokacin sanyi bayanta kan yi ɗumi, nan nake shanya safar Maigida. In an kunna ta takan ce "ƙyas", ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "tsiiii", sai fuskar mai karanta labarai ta fito a hankali, goshi kafin haɓa.

Ba zan ɓoye ba, ta yi fama da ciwon tsufa. A shekarun baya-bayan nan hoto kan gudu ya bar layi ɗaya fari a tsakiya, tana ta "shuuu". Maganinta ɗaya ne, a dafa ta da tafin hannu a gefen hagu, can ƙasan doron, ba da ƙarfi ba, ba kuma da wasa ba. Maigida ya gwada har hannunsa ya yi ja. Surukina, mijin 'yata, da yake sana'ar kwamfuta, ya gwada ya ji kunya. Hannuna kaɗai take ji. Saboda haka ko ina kicin, ko na kwanta, sai an kira ni: "Uwar gida, zo ki taɓa ta." In na zo na taɓa ta kuwa ba na komawa. Kujerata tana nan, kuma wasan kwaikwayon da nake bi bayan magariba shi za a kalla. Babu wanda ya taɓa musu da ni, domin kowa ya san za a sake nemana.

To, ga abin da ya sa na ce ina da tambaya. Kowa zai mutu, na sani. Amma akwai mutuwa, akwai kisa.

Tun da Maigida ya ajiye tuƙi, surukin nan ya kawo masa tsohuwar kwamfuta da wani sitiyari na roba da ake ɗaurawa a tebur don wasan tuƙin mota. Dattijo da furfurarsa ya wuni yana tuƙa motar da ba ta zuwa ko'ina, har da danna ham. Sai ya fara ƙorafi wai gilashin kwamfutar ya yi masa ƙanƙanta, ba ya ganin madubin gefe. Suka so su jona ta da Mai Doro, suka duba bayanta sama da ƙasa, ba ta da ramin da wayarsu za ta shiga. Ta ƙi su, kamar yadda 'yar mutunci za ta yi. Daga nan suka shiga zancen wata faffaɗa ta bango, wadda wai za ta yi wasa ta kuma yi talabijin. Ina shara ina jin su. Wannan ta fi faɗi amma tana jinkiri in an murɗa sitiyari, waccan ta fi sauri amma muryarta kamar ta sauro. Duk a gaban Mai Doro ake wannan magana, tana kunne. Na ce musu muddin tana numfashi ba mai sauke ta daga kabad ɗin nan. Maigida ya ce, "Ai shi ke nan, muddin tana numfashi." Yanzu nake gane yadda ya maimaita maganar.

Da na dawo gida na tarar da ita a ƙasa bayan ƙofa, fuskarta na kallon bango. Hoton mahaifiyata yana kan firji. A bango kuwa ga wata baƙa, siririya, mai faɗin ƙofa, an riga an kafe ta. Wai a ranar da aka yi rashin aka sayo. Amma a gefenta akwai zanen fensir na awo, kuma na tuna na ga zanen nan tun kafin in yi tafiya, na ɗauka jikokin maƙwabta ne.

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne jan farce. Tun wani gyara da aka zo har gida aka yi mata da daɗewa, na ji ana cewa masu gyara kan cire kayan ciki masu kyau su sa tsofaffi. Sai na ɗiga jan farce a kan kowace ƙusa da ke bayanta, don in an buɗe in sani. Ban gaya wa kowa ba. Na juya ta na duba, duk jan farcen ya fashe. Na tambayi Maigida ko an kai ta wurin mai gyara, ya ce a'a, ai da ganinta ba sai an wahalar da kowa ba. To wa ya buɗe ta? Na jona ta da wuta, na dafa ta a gefen hagu, na sake dafawa. Ko "ƙyas" ba ta ce ba. Ban ambaci sunan kowa ba. Na dai ga sukundireba a aljihun rigar da na wanke.

Marigayiya ta rasu ta bar eriya guda a kan rufi, da rimot wanda aka ɗaure da roba, da mayafin da na saƙa mata da hannuna, da kabad mai ramin ƙafafunta huɗu, da ni. Wadda ta gaje ta ba ta da kan da za a ɗora ko allura. Mai karanta labaran da na sani siriri tun yana saurayi, a cikinta ya koma kamar an zauna a kansa. Ba ta buƙatar hannun kowa. Rimot ɗinta a aljihun Maigida yake kwana. Tun da na dawo ba a kira ni falo ba ko sau ɗaya, sai dai in jiyo ham daga kicin.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa an ɗage ta. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da aka yi wa alkawarin gawar ya yi haƙuri, kada ya sake buga mana ƙofa. Na mayar da gawa ɗakina, kuma ba za ta fita ba sai wani mai gyara da ni zan zaɓa, wanda bai san Maigida ba bai san surukina ba, ya buɗe ta a gabana ya faɗa mini abin da babu a ciki.

Za a yi zaman makoki a falonmu kullum bayan magariba, daidai lokacin wasan kwaikwayo. Ana roƙon mata maƙwabta su zo da yawa, kowa da kujerarta, a zauna gaban sabuwar don a ɗebe mini kewa. Ba a tuƙi a gidan makoki, saboda haka za a kwance sitiyari, a kuma miƙa wa mai makoki rimot. Za a ci gaba da zama har ranar da wanda ya fasa jan farcen zai faɗa da bakinsa.

Masu zuwa da safe kuma kada su yi mamaki. Kullum in na gama shara nakan kakkaɓe mayafinta in rataya shi a jikin sabuwar. Tsakiya kawai yake rufewa, daidai girman Mai Doro, baƙi ya rage dama da hagu. Sai in dafa kabad ɗin a gefen hagu, in ɗan jira.