Muryar Sarkin Bokaye

Kai, Allah ya yi mana baiwa a layinmu da ya ba mu Maƙogwaron Zinariya! Shi ne muryar Sarkin Bokaye a katun ɗin nan na talabijin, inda bokaye ke hawa gajimare suna jifan juna da tsawa. Wasu ne suka zana, wasu suka rubuta, amma waɗannan ai ƙananan ayyuka ne. Shi ne mai cewa "Hahaha!"

Tun da ya samu aikin ya daina amsa gaisuwa da baki, sai dai ɗaga gira, kada murya ta ƙare. Ko ana zafi kamar a mutu, wuyansa na naɗe da tawul.

A ɗakin ɗaukar murya kuwa, baya yake juya wa allo. "Zaki ba ya duba madubi kafin ya yi ruri," in ji shi. "Kallon katun sai yara." Labarin ma ba ya karantawa, nasa layin kawai ake miƙo masa.

Abu ɗaya ke ci masa rai: surukinsa, tsohon direba, wanda har gobe yake tambayar 'yarsa, "Mijin naki ya samu aiki kuwa?"

Ran nan darakta ya miƙo masa shafi guda cur, babu komai sai "Gwarr-gwarr, ƙwak!" Darakta ya buɗe baki zai yi bayani, gwani ya ɗaga masa hannu. "Yaro, kana goye na fara. Wannan surkullen mutanen da ne, sai mu." Ya zage ya yi ta kwararawa har jijiyar wuya ta miƙe.

Ranar nunawa ya cika falo da dangi, ya zaunar da suruki dab da talabijin. "Baba, yau za ka ji abin da 'yarka ta aura."

Ana farawa wata 'yar mayya ta kaɗa sanda, Sarkin Bokaye ya rikiɗa kwaɗo, ya faɗa kwata tsulum. Har shirin ya ƙare yana ciki, yana kumbura wuya da muryar gwaninmu. Yara dariya har da birgima. Gwani ya rasa inda zai sa kansa.

Suruki ya gyara tabarau, ya dubi kwaɗon, ya dubi mijin 'yarsa.

"Madalla, ashe dai da aikin. To, in damina ta wuce fa, me za ku ci?"