Kalandar Banɗakin Beppe

"Ina kwana, tsohuwar ajiya. Ashe kina nan har yanzu?"

Da haka na gai da kakata, Beppe Tjitske, ina jingine kekena a jikin shingenta ranar Laraba da safe. Ita ta kira ni, wai abin da na liƙa mata a kwamfuta ya mutu. Bara waccan da na yi mata fentin banɗaki, na cire kalandar ranakun haihuwa da ke bayan ƙofa, inda aka saba rataye ta a ƙasarmu, na zuba sunayen cikin wata 'yar manhaja da ake maƙala wa burauza, wato abin shiga intanet, na jefar da takardar. Beppe kuwa shekara hamsin ranar haihuwar wani ba ta taɓa wucewa ba katinta bai iso ba. Duk ƙauyen da haka aka san ta.

"Ina nan, Jelmer, sai na ga ka gama makaranta ko guda ɗaya. Shigo ka ga gawar da ka bar mini."

Na buɗe kwamfutar a kan teburin kicin, ta tsaya a kaina.

"Me ta rubuta?"

"Wai abin ya tsufa, an daina kula da shi, an kashe shi. Da farko na ɗauka da ke take."

"Ni tamanin da ɗaya, da ƙafata nake tashi. Naka shekara biyu ya yi ya kwanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mai shi ya gado."

"Masu burauza ne suka canza tsari, Beppe, ba ni ba."

"Su suka shiga banɗakina suka cire kalanda?"

"Kalandar da matattun cikinta suka fi masu rai yawa?"

"Matattun ba su taɓa ce mini sun daina aiki ba. Duk lokacin da na zauna suna nan. To, buɗe kunne. Gwiwata ta hagu tana gaya mini akwai mai ranar haihuwa a makon nan, ban san ko wane ne ba."

"Jiya ma gwiwar cewa ta yi za a yi ruwa."

"An yi ai."

"A ƙasar nan wace rana ce ba a yi?"

Na shiga shafin manhajojin. Tata ta yi fari fat, ga wani maɓalli a gefe yana ta kirana in cire ta gaba ɗaya. Na kai hannu.

"Wannan mene ne?"

"Na jana'iza ne. In na danna, shi ke nan."

"Danna, in yi maka aski da abin yankan cuku. Mutum sittin da uku ne a ciki."

Gaskiya ban san inda zan nufa ba. Na ce mata zan wanke hannu, na laɓe a banɗakin na tambayi wayata. Na dawo ina hura hanci, na bi ta wata ƙofar baya a cikin kwamfutar, burauza ta gargaɗe ni sau biyu, na ce na ji na gani. Abin ya farfaɗo.

"Sai ki yi mini tafi. Amma numfashin aro ne, da an ƙara sabunta burauzar zai sake sheƙawa."

Ba ta ji ni ba. Ta sa tabarau, hancinta kamar zai taɓa gilashin.

"Sjoukje. Tamanin. Yau."

Sjoukje ƙanwar marigayi kakana ce, tana can ƙauyen gaba. Tun ranar auren Beppe take jiran kakar tawa ta yi kuskure ɗaya ta samu na faɗa a coci.

"Ƙarfe uku za su jera kujeru su sha kofi. In katina ba ya kan teburin nan, gara in bi kakanka."

"Sa a gidan waya."

"Ya isa gobe? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauki kekenka."

"Kilomita goma sha huɗu, iska a fuska? Aiki gwiwar taki, ita ta fara sani."

"Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski."

"Ladan me na ci? Zagi kawai na sha tun da na shigo. Ba inda za ni sai kin faɗa da bakinki cewa jikanki gwani ne."

Ta rubuta katin, ta lashi ambulan, ta dubi agogo, ta dube ni.

"Kai gwani ne."

"Ban ji ba."

"Gwanin ɓata abu sannan ya gyara rabinsa." Dariya ta ƙwace mata har tabarau ya zame. Ta ciro burodin sukari daga tanda, ta yanka biyu, ta cusa mini rabi a aljihun rigar ruwa.

"Ɗayan rabin fa?"

"Sai Sjoukje ta kira ni tana godiya da baƙin ciki a muryarta. Taka kekenka."