Ranar da Na Rataye Satata a Goronyo

Na saci hoto, na buga shi a ƙyalle mai faɗin ƙofar shago, na rataye shi da hannuna a gaban mai shi. Ko na so in manta da ranar nan, 'yan Wurno ba za su bari ba.

Dako nake yi a kasuwar albasa. Ban yi boko ba. Bayan ɗaukar buhu, abin da na iya shi ne wasan ƙwallo na waya, kuma daga Lahodu har Achida babu mai ja da ni. Shi ya sa da muka buɗe shafin masoya wasan aka ba ni shugabanci. Murya nake turawa, hoto nake sakawa. Rubutu na bar wa masu shi.

Shafukan nan suna da ƙa'ida. Wanda ya haɗa hoto yana sa sunansa a ƙasa, wanda ya ɗauka kuma ya ambace shi. An faɗa mini ya fi sau goma. Ni dai haushi abin yake ba ni. Hoto ne fa, ba akuya ba. Ka ɗauka, na mai shi yana nan inda ya ajiye. Saboda haka in na ga mai kyau a shafin 'yan Rabah, sai in yanke gindin in saka a namu. In aka ce, "Shugaba, aikinka ne?" sai in ce, "Muna dai taɓawa." (Ban ce ni ne ba, ban ce ba ni ba ne. A lokacin wayo na ɗauki wannan.)

Sai aka shirya gasa a Goronyo, shafuka uku, kowanne ya zo da ƙyallensa. Wanda aka kama da hoton sata, shafinsa ba zai buga ba. Na ji wannan ma, na watsar.

Na shiga shafin 'yan Rabah na tsinci wani hoto. Ɗan wasa cikin koriyar riga, albasa a ƙirjinsa, fili cike da mutane, ga allunan talla kewaye. Na duba ƙasa, babu suna. Na ce yau mai shi ya yi mantuwa. Na kai wa mai buga ƙyalle. Ya dubi hoton, ya dube ni.

"Haka za a buga shi? Har rubutun?"

"Mi ya samu rubutun? Ka taɓa ganin fili ba talla?"

Ya ce to. Na naɗe abina, ko 'yan shafinmu ban nuna wa ba. Mamaki nake so in ba su. Na kuwa ba su.

Ranar gasa bayan la'asar, rumfa ta cika. Na hau benci na ɗaure ƙyallen, na sauko ina kaɗe hannu. Mutane suka taru suna kallo. Sai wani dogo ɗan Taloka ya matso ya fara karanta allunan da ƙarfi, kamar mai shela.

"Wannan aikin Bitrus ne, Rabah."

Ya matsa allo na biyu. "In ka gan shi a wani shafi, sato shi aka yi."

Na uku sai da ya riƙe ciki kafin ya iya faɗa. "Mai yanke gindi, ina gaisuwa."

Rumfa ta fashe. Wani har da faɗuwa daga benci. Ashe mutumin ya gaji da ni ne, ya kwashe sunansa daga ƙasa ya zuba a tsakiyar fili, inda ba ya yankuwa.

Dariyar ba ta dame ni ba, na ga abin da ya fi ta. Abin da ya karya ni shi ne wanda ya miƙe daga cikin 'yan Rabah. Ma'aikacin asibitin nan ne da ya ɗinke mini cinya shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu. Likita kawai nake ce masa, ban taɓa tambayar sunansa ba.

"Malam, ashe kai ne?" ya ce. "Wata huɗu ina neman mai almakashin nan."

"Likita, wallahi ban san naka ne ba."

"Da na wani ne fa?"

Ya nuna ƙyallen da yatsa, ya ci gaba.

"Kwana tara na yi a kan hoton nan, in na samu sarari a wurin aiki. Ban ce kada a ɗauka ba. Sunana kawai na roƙa." Sai ya dubi ƙafata. "Cinyar fa, ta daina tsami?"

Gara da ya mare ni.

Shi ya roƙa aka bar shafinmu ya buga, amma ban da ni. Kafin mu iso Wurno 'yan shafinmu sun naɗa sabon shugaba, a cikin mota, ina zaune a tsakiyarsu.

Abin da na koya kaɗan ne. Hoto ba akuya ba ne, gaskiya, amma yana da mai shi, kuma mai shi yana iya zama wanda ya taɓa riƙe maka ƙafa. In kuma mai buga ƙyalle ya tambaye ka sau biyu, ka tsaya.

Yanzu ni ba kowa ba ne a shafin. Kowane hoto na saka, sai na tura murya na faɗi mai shi, har suna cewa na cika surutu. Ƙyallen yana nan, da shi nake rufe albasa. Ina zuwa ajin manya kwana uku a mako. Allo na farko na iya karanta shi da kaina. Saura biyu.