Yadda Za Ka Gyara wa Surukinka Irin Kajinsa

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari sunanka zai zagaye dangin matarka kaf, kuma ba za su manta da kai ba har ka tsufa. Abin da za su riƙa tunawa da kai a kansa ne ban yi alkawari ba. Ni dai nawa koyarwa ne, kuma duk wanda na koya wa, har yau ana nuna gidansa.

1. Sayi zakaran da ya fi ƙarfin gidanka

Kada ka ɓata lokacinka wajen tambayar masu kiwo. Bidiyon da ka kalla a waya ya isa. Je ka sayo zakaran waje, irin mai gashi har yatsun ƙafa, wanda in ya miƙe yake kai maka gwiwa. Raɗa masa suna Janar. Ka gina masa akurki da rufin kwano sabo dal. Idan matarka ta ce, "Maigida, kicin fa har yanzu yoyo yake," ka dube ta da tausayi ka ce mata ba ta da hangen nesa.

2. Raina kajin kowa

Gwani ba ya yabo. Duk gidan da ka shiga ka ga kaza, ka taɓe baki ka ce, "Wannan ai asarar tsaba ce." Ko ba a tambaye ka ba, ka yi bayani. In ma ba a tambaye ka ba, bayanin ya fi armashi.

3. Karɓo kazar surukinka

Nan ne aikin yake. Baban matarka tsoho ne, ya bar aiki, kuma yana da wata jar kaza da yake kira 'Yar Gata. Ita kaɗai ta rage cikin kajin marigayiya matarsa, kuma ba shi da burin da ya wuce ya ga 'ya'yanta kafin ta daina ƙwai.

Jira ranar da yayyen matarka maza suke gidan, don a samu shaidu. Ka gaishe shi da ladabi, sannan ka ce, "Baba, a ba ni ita in haɗa ta da Janar. Zan dawo maka da 'yan tsaki masu safa a ƙafa, irin da ba a taɓa gani ba a dangin nan."

Zai daɗe yana shafa bayanta. Daga baya ya miƙo maka ita da hannu biyu ya ce, "To, Malam. Ka dai kula da ita." Kada nauyin maganar ya dame ka. Tsofaffi haka suke, ba su san ci gaba ba.

4. Kada ka ga abin da kake gani

Za ka lura Janar ba ya komai sai ci. In ya ƙoshi ya nemi inuwa, ya baje fukafukai, ya buɗe baki yana haki. 'Yar Gata za ta wuce ta gabansa, ta dawo, ta sake wucewa, ko kai ba zai ɗaga ba. Wannan ba lalaci ba ne. Ka ce yana nazari.

Za ka kuma lura da wani baƙo. Maƙwabcinka tela yana da wani ƙanjamammen zakara mai jan wuya sanƙo, kamar an fara fige shi aka fasa. Kullum sai ya kutso ta rariyar katanga, ya karkaɗe jiki, ya nufi inda ya nufa. Matarka za ta ce daga bakin murhu, "Maigida, ga ma'aikacin naka can ya zo."

Jefe shi da takalmi, ka kuskure. Amma kada ka toshe rariyar. Toshe ta yana nufin ka yarda akwai abin tsoro, kai kuwa Janar gare ka.

5. Yi shela tun kaza tana kwanci

Da zarar ta kwanta a kan ƙwai, ɗauki hoto ka tura wa dangi duka. Yi wa kowa alkawarin ɗan tsako, har da waɗanda ba su da tsakar gida. Sannan ka kira Baba ka ce lalle ya zo da kansa ranar ƙyanƙyasa, ya taho da kwali da 'ya'yansa maza. Abin alfahari ba a yin sa a ɓoye.

6. Tsaya a kan bakanka

Da safe za ka leƙa akurki ka tarar da 'yan tsaki suna tsiu-tsiu, lafiyayyu, kowane da ɗan jan wuyansa sumul. Ƙafafu kuwa ko zare babu. Kada ka nemi auduga da gam. Na san wanda ya gwada.

Baba zai shigo, ya tsuguna a bakin akurki ya yi ta kallo. Yi maza ka ce, "Baba, haka 'yan waje suke, gashin wuyan daga baya yake fitowa." Daidai nan zakaran tela zai kutso ta rariya, ya haye kan rufin Janar, ya miƙa wuyan nan ya yi cara. Yayyen matarka za su juya suna kallon katanga, kafaɗunsu na rawa.

Baba zai dubi wuyan da ke sama, ya dubi na ƙasa, ya ce, "Wannan bawan Allah na wane ne?"

"Na tela ne, Baba," in ji matarka, tun kafin ka buɗe baki.

"Allah ya yi masa albarka. In sun yi ƙwari zan aiko da ɗaya, ki kai wa tela, ki ce na gode."

Zai kwashe uwar da 'ya'yan ya zuba a kwali, idonsa ya ciko, don ya ga abin da yake so ya gani. A bakin ƙofa zai tsaya ya ce, "Malam, na ba ka 'yata ban ji komai ba. Amma kazar nan ba za ta ƙara kwana a gidanka ba."

Ka ce, "To, Baba." Babu wata amsar.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ruwansa da carar da yayyen matarka za su riƙa yi in ka shigo taron dangi, ko dariyar da matarka za ta yi ta yi ita kaɗai tana wanke-wanke. Kuma in ka je gaida Baba, ka yi sallama, ka ji ya ce a dakata, sannan ka ji ƙarar kwaɗo a ƙofar akurki kafin a ce ka shigo, kada ka zo mini da ƙorafi. Ka gaishe shi kawai, ka zauna nesa da kajin.