Haladu da Maganin Tabo

A garin Tudun Faru an yi wani gandamemen saurayi mai suna Haladu, ga ƙarfi kamar ingarma, sai dai kan babu kowa a ciki. Yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidansu: shi, da uwarsa Inna Tasalla mai tuyar waina, da yayarsa Lantana mai ɗinki. To, Allah ya jarrabi Haladu da ƙurajen fuska, shi kuwa ba shi da aiki sai matsa su. Duk wanda ya matse sai ya bar masa baƙin tabo da ɗan rami, har 'yan gari suka laƙaba masa suna Tanda, wai fuskarsa ta fi tandar uwarsa yawan gurbi. Abin yana ci masa rai, har majalisar ƙofar gida ya daina zama.

Wata rana Inna ta gaji, ta tasa shi gaba zuwa asibitin sha-ka-tafi. Malam Isuhu, ma'aikacin wurin, ya duba shi, ya ba shi ƙwayoyi da man shafawa, ya ce, "Ƙwaya ɗaya kullum, bayan abinci." Washegari Inna na sauke tukunya, sai ta ga Haladu ya zagaya ya tsugunna tsakanin tukunyar da bango, ya haɗiye ƙwaya, ciki wayam. Kafin azahar yana birgima yana riƙe da ciki.

Inna ta ce, "Kai, ka ci abinci kuwa?"

Ya ce, "Ba a ce in ci ba, Inna. Bayansa aka ce. Wahalar ma ita ce gane ina ne gaban tuwo."

Wata rana kuma Lantana ta lura ko buɗe man bai yi ba. Ta ce, "Sakarai, shafa shi ake yi a inda ka ga tabo." Shi kuwa Haladu bai taɓa ganin tabonsa ba sai a madubi. Ya shiga shagonta, ya sami dogon madubin da masu kawo ɗinki ke duba kansu, ya lafta masa rabin man. Madubi ya yi dususu. Ya leƙa, babu tabo ko ɗaya. Ya fito titi yana ihu, "Na warke! Jama'a, na warke!"

Bawale mahauci ya ƙare masa kallo, ya ce, "Warkewar a gida ka baro ta ne?"

Haladu ya ce, "Tana can jingine a shagon Yaya, ku je ku gani. Hancin ma ya warke, babu shi sam."

Wata rana shi da Inna suka koma asibiti karɓar wani man. Malam Isuhu ya ce, "Wannan magani ba ya shiri da zafi, ka guji rana." Da hantsi Haladu ya hango ta tana tasowa daga gabas, sai ya ranta a na kare ya yi yamma. Ya tsallake rafi, ya keta gonaki. Da tsakar rana ta cim masa a filin da babu ko bishiya, ta tsaya cak a kansa. Da la'asar ya ga ta sha gabansa, ya juyo da gudu. Ya iso gida ƙafa duk ƙaya, fuska jawur tana saɓa, ya zube gaban uwarsa ya ce, "Inna, ba a tsere mata. Ta san yanke."

Daga ranar Inna ta karɓi ragamar jinya. Ita ke ba shi ƙwaya in ya suɗe kwano, ita ke shafa man, ta kifa masa malafa, in kuwa hannunsa ya doshi fuska ta ƙwala masa ludayi. Wata uku ana haka, ƙuraje suka kwanta. Baƙin tabo ya soma dishewa, ƙananan ramuka suna cikowa, amma sannu-sannu, irin tafiyar hawainiya. 'Yan gari kuwa ba su fasa ba: "Wata uku kana haɗiyar ƙwaya, har yanzu da saura? Da ka haƙura da halittarka."

Wata rana, ranar kasuwa, wani baƙo ya sauka da mota da lasifika, yana tallar man da yake goge kowane irin tabo cikin kwana uku, har da ƙarin hasken fata. Gari ya yi masa caa. Ashe masu yi wa Haladu dariya kowa da ɗan tabon da ke damunsa. Bawale ya karɓi kwalba ɗaya, Lantana biyu. Can baƙon ya hango Haladu, ya ce, "Yauwa, ku matso min da wancan bawan Allah!" Ya danƙa masa buɗaɗɗiyar kwalba, ya ce, "Duk inda ka ga tabo, lafta kawai, kada ka ji tsoro."

Haladu ya waiga dama, ya waiga hagu. Tabo mafi kusa da shi yana kumatun mai maganin, wani tsohon sara baƙi ƙirin. Ya damƙe ƙeyarsa da hannu ɗaya, ya kwashi mai cike da tafi, ya mulka masa har kunne.

Mutumin ya kurma ihu, lasifika na bakinsa: "Ruwa! Ku kawo ruwa! Zai cinye min fata, akwai ruwan batir a ciki!"

Jama'a suka dubi kwalaben da ke hannunsu, suka hau jifa. Sai kwalba ta farko ta fashe a jikin motar, sauran suka biyo baya kamar ƙanƙara. Baƙo ya tsoma kai a bokitin mai kunu, ya faɗa mota, ko lasifikarsa bai tsaya ɗauka ba. Lantana ta dubi kwalabenta, ta shafa kumatunta, ta sulale su cikin kwata.

Mai unguwa ya dafa kafaɗar Haladu ya ce, "Yau ka ceci fuskar rabin garin nan. Yaya aka yi ka gane macuci ne?"

Haladu ya ce, "Macuci kuma, ranka ya daɗe? Allah sarki. Shekara da shekaru yana yawo da magani a mota, bai taɓa samun mai shafa masa ba."